Kitsen da Wuƙa Ba Ta Kaiwa

Shekara talatin da ɗaya ina fiɗa a mayankar Sakkwato,
kafin ladan ya yi shiru na gama wasa wuƙa.
Na san ƙodar rago cikin rigarta ta kitse,
na san yadda ake ɓare ta da babban yatsa
a ajiye wa mai tsiren Gawon Nama.
Ban taɓa tambayar aikin da take yi ba.

Yanzu Litinin da Alhamis,
ranakun da mutane ke azumin nafila,
ni kwanciya nake, awa huɗu,
allura biyu a hannun hagu.
Jinina ya fita yawo cikin igiyar roba,
ya zaga inji, ya dawo kamar ɗan aike.
Inda aka ɗinke mini jijiya, ɗora yatsa ka ji,
sai ka ce zuma ce ke kuka a amya.

Watan jiya Sista Lubabatu ta ɗebi kwalba uku.
Likita Nafi'u ya zo da takarda, ya ja kujera,
na kuwa san likita ba ya zama a banza.
Ya ce, "Baba Cindo, akwai wuta a jikinka."
Na ce ban ji zazzaɓi ba.
Ya ce, "Irin ta ƙaiƙayi ce, ta ƙasa take ci.
Kumburi ne a bangon jijiya, ba ya sallama,
wannan lambar kaɗai ke tona shi."

Sai ya sauke yatsa layi biyu, ya ce kitse.
Na yi dariya har inji ya yi ƙara.
Ni da agogo ke zame mini zuwa gwiwar hannu?
Ni da Inno ta rage wa wando sau biyu?
Ya ce, "Kitsen jini biyu ne.
Ɗaya mai share hanya, ɗaya mai zuba shara.
Mai sharewar ya ragu.
Inda wuta ta lashi bango, nan maiƙo ke maƙalewa."

Bai ƙarasa ba na gane.
Na tuna kwatar mayanka da sanyin asuba,
maiƙo ya daskare, ruwa ya ƙi wucewa,
mu zuba tafasasshe, mu zura gora.
Wannan kwatar fa siririya ce, zuciya take shayarwa,
gora ba ta shiga.

Gado na uku na Malam Tukur ne, direban Illela.
Shekara biyu muna zagin ƙoda tare,
muna musu kan kuɗin wanki da farashin albasa.
Ran Alhamis ya ce mini sai Litinin.
Ran Asabar bayan la'asar ya dafe ƙirji a ƙofar gida.
Muna ta gadin zaure,
ɓarawo ya hauro ta katanga.

A Runjin Sambo bazara ta kama,
kwano na ƙara a kan rufi don zafi,
ni kuwa ruwana gora ɗaya ce, an ja mata layi.
Ina tsotsar ƙanƙara kamar yaro.
Saratu na ƙirga mini ƙwayoyi a murfin kofi,
ƙaramar fara ta dare ita ce ta kitse.
Yaran shagona sun aiko da balangu,
na shinshina, na miƙa wa jikoki.

Da dare nakan ɗora tafi a ƙirji
in saurara.
Zuciya nawa na tsaga biyu na ba da gyara?

Jibi za a sake ɗiba.
Ban yi boko ba, amma na haddace layin,
na huɗu daga sama, hannun dama.
Na ce wa Lubabatu kada ta karanta mini,
ta ba ni takardar in duba da kaina.